Na Je Neman Hoda a Fuskar Ɗan Alhaji Tasi'u

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin bara da na ƙi zuwa kasuwar Maigatari ba, ni da ko zazzaɓi ke kaɗa ni sai na lallaɓa na shiga mota. Riɗi da zoɓo nake saye a hannun manoma, na tara na sayar wa masu lodi, kuma duk wanda ya san harkar ya san Alhamis ita ce ranarmu. Amma ran nan na kulle shago, na zuba babbar rigata mai aiki, na nufi taron iyayen yara a makarantar su ɗana Lurwanu a nan Gumel. Kada ka ɗauka son ilimi ne ya kai ni. Ƙyashi ne tsagwaronsa, kuma sai yanzu bakina ya iya faɗa.

Bari na fara gaya maka waye Alhaji Tasi'u, don in ba ka san shi ba, ba za ka gane ciwona ba. Ƙauyenmu ɗaya da shi a gefen Gagarawa. Malaminmu na allo ɗaya, bencinmu ɗaya a firamare, kuma wallahi na fi shi kai (shi ma ba ya musu, ni nake yi masa lissafi yana ba ni ƙuli-ƙuli). Tare muka shigo Gumel neman abinci, kowa da ƙunshin kayansa a leda. Yau shi ne mai tireloli uku da ke kwasar shanu daga Maigatari zuwa kudu, ni kuwa ina nan da babur ɗina. Wannan duk zan iya haɗiyewa, rabo ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin ba shi da mugun hali ko ɗaya da zan riƙe. Da mai girman kai ne da na huta, na samu abin faɗa a majalisa. Ina! Ko a tsakiyar titi ya hango ni sai ya taka birki ya sauke gilashi, "Ɗan ajinmu! Ya iyali? Ya ɗana Lurwanu?" Ni kuma na washe baki ina "Lafiya ƙalau, Alhaji," raina kuwa cike da ƙyashi.

Sai Allah ya ƙara jarraba ni ta wajen 'ya'ya. Ɗansa Anas ajinsu ɗaya da Lurwanu, aji biyu na babbar sakandare. Anas ne na ɗaya a jarrabawa, Anas ne shugaban ɗalibai, Anas ne ke buɗe taro da karatun Alƙur'ani, ga shi da kyau kamar shi ya yi kansa. Lurwanu nawa yaro ne shiru-shiru, ba ya zuwa na ɗaya, ba ya zuwa na ƙarshe, in ba ka tambaya ba ba za ka san yana ajin ba. Na san makin Anas a kowane darasi (akwai wani malami da nake yi wa ragi a kan zoɓo, don wannan kawai). Na san ranar da ya canza takalmi, na san ranar da aka saya masa keke. In muna cin tuwo a gida, ba na kai loma uku ban ce "Ka ga ɗan Tasi'u kuwa?" ba.

Ga kuma maganar kujera. Shekara huɗu Alhaji Tasi'u yana shugabancin ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar. Kujera ce da babu ko sisi a cikinta, sai yawon sasanta rigima da roƙon a gyara rufin aji. Amma ranar taro shugaba ne ke zama a kan kushin kusa da firinsifal, mu sauran muna kan benci muna fifita da takarda. Ni dai na ƙudura a raina sai na zauna a kushin ɗin nan ko sau ɗaya, shi kuma ya ɗanɗani benci ya ji yadda yake. A taron wannan Alhamis ɗin za a sake zaɓe, kuma na san in ban samu abin da zan kada shi da shi ba, ko hannu biyar ba za a ɗaga mini ba.

Ana saura mako guda makaranta ta aiko da takarda. Wai ban da zaɓe akwai wata magana mai muhimmanci: an lura wasu yara maza sun fara zuwa aji da kwalliya, masu hoda, masu ja wa gira baƙi, har da masu shafa man leɓe mai ƙyalli, irin abin da suke gani a bidiyon waya. Ana so iyaye su zo a tattauna. Ina karantawa na ji wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Domin kwana huɗu kafin nan mun je ɗaurin aure a garin Sule Tankarkar, na kuma ga Anas a bayan ubansa. Idon nan ya sha baƙi raɗau, fuskar nan sumul kamar ƙwai, tana ɗaukar ido. Mutane na can suna sauraron liman, ni ina nan na kafa wa ɗan mutane ido, har na matsa kusa da shi da sunan neman inuwa. Na ce a raina fatar ɗa namiji ba ta yin haka sai da taimako.

Na ninke takardar na ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya kama Tasi'u."

Maiɗakina Zuwaira tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago. "Baban Lurwanu, da ka tafi kasuwarka ranar. Wannan maganar ta hoda, akwai abin da nake so mu..."

"Ke dai ba kya son ki ga na ci gaba," na katse ta. "Shekara huɗu yana kan kujera yana yi wa mutane wa'azin tarbiyya, ashe amarya yake ajiye da ita a gida." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Makon nan duk ban yi cinikin kirki ba. Ina zaune a shago ina haddace jawabi, ina gwada shi a kan buhuna, wurin da zan ɗaga murya da wurin da zan girgiza kai. Ranar Laraba da yamma na shiga kasuwa na sayi farin hankici dozin guda, sababbi fil a leda. (Mai kantin har ya tambaye ni ko biki za mu yi. Na ce masa eh, babba ma kuwa.)

Da hantsi aka zauna a ƙarƙashin bishiyoyin dogon-yaro na harabar makaranta, maza gefe, mata gefe, yara suna aji. Firinsifal ya yi bayaninsa. Sai Malam Bulus ya miƙe, shi ne malamin ladabtarwa, mutumin Filato ne amma ya fi shekara ashirin a Gumel, da yawa daga iyayen da ke kan benci shi ya zane su suna yara. Ya ce a bar masa abin a hannunsa: ya san yaran, ba su da yawa, zai kira kowane uba shi kaɗai a ofis a yi magana a rufe. Alaramma Malam Habu, mai tsangaya a bayan makarantar, wanda jikokinsa ke karatu a nan, ya ce kwalli dai sunna ne, kada a haɗa shi da sauran tarkace, sauran kuwa a yi wa yara nasiha da taushi. Alhaji Tasi'u ya gyara zama a kushin ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan. "Yaro in aka tozarta shi a gaban jama'a ba ya mantawa. Mu rufa wa juna asiri."

Ai kuwa ina jin "rufa asiri" na ce shi ke nan, ya tona kansa. Na miƙe tun kafin a ba ni dama.

"Jama'a, salamu alaikum. Ni ban iya kwana-kwana ba. Rufa-rufar nan ita ta kawo mu inda muke. Yau hoda, gobe jan baki, jibi sai mu ga 'ya'yanmu maza suna rangwaɗa a titin Gumel, mu rasa inda za mu sa kanmu. Kuma ni ban ga laifin yara ba. Laifin uba ne! Yaro daga gida yake fitowa, ba daga rami ba. Duk uban da ɗansa zai shafa hoda ya wuce ta gabansa ya fito bai gani ba, wallahi wannan ba uba ba ne, ɗan haya ne a gidan!"

Wuri ya ɗauki tafi. Wani dattijo mai jar hula ya ce, "Faɗi gaskiya, Malam!" Kaina ya ƙara girma. Ban taɓa sanin ina da baki haka ba. Ina magana ina satar kallon kushin.

Na ce a fito da yaran yanzu-yanzu a jera su, a jiƙa farin ƙyalle a goga wa kowa a fuska. Wanda aka samu, ubansa ya fito ya wanke masa da hannunsa a gaban kowa. Kuma irin wannan uban kada ya sake riƙe ko muƙamin mai jera benci a ƙungiyar nan, komai kuɗinsa, komai yawan motocinsa. (Wannan na ƙarshen, ko jariri ya san da wa nake.) Firinsifal ya ce ai ba a tanadi ƙyalle ba. Na zura hannu a aljihu na zaro dozin ɗina na ɗaga sama. Nan ma aka yi tafi, wasu har da fito.

Malam Bulus ya taso ya zo dab da ni, ya yi ƙasa da murya. "Baban Lurwanu, don Allah zo mu ɗan koma gefe, minti ɗaya."

"Babu gefe, Malam. Komai a fili."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Ko aiko ka aka yi?"

Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya koma wurinsa.

Jama'a sun riga sun ɗauki zafi, firinsifal ba yadda zai yi. Aka ce a fara da 'yan aji biyu (ni na zaɓa, ka san dalili). Aka fito da su aka jera a rana, su wajen talatin, aka kawo bokitin ruwa. Na naɗe hannun riga na ce ni zan yi da kaina, kada a ce an yi son kai. Kuma da shugaba ake farawa, don haka Anas ya matso.

Yaron ya durƙusa ya gaishe ni tukuna, "Ina kwana, Baba." Ko wannan sai da ya ba ni haushi. Na tsoma hankici na matse, na goga masa a kumatu, na ɗaga sama ban ma duba ba, don na riga na san abin da za a gani. Na ji shiru. Na duba, fari tas. Na sake tsomawa na goga a goshi, fari. Na ce wataƙila irin mai tsadar nan ce da ba ta fita da wuri, ai ubansa yana da hali. Na riƙe ƙeyarsa na shiga dirza kamar mai wanke tukunya.

"Baba, a hankali, da zafi," in ji Anas.

Hankici na biyu ma ya tashi fari, in ban da ɗan gumi. Na koma kan ido. "To wannan fa? Wannan baƙin fa?"

"Kwalli ne, Baba. Kakarmu ce take sa mana, wai yana ƙara gani."

Alaramma ya ɗaga sandarsa ya ce, "Malam, matso ka dubi nawa idon. In za ka wanke na yaro, sai ka fara da ni." Aka kwashe da dariya. Ashe fatar ce haka, Allah ne ya ba shi, kamar yadda ya ba ubansa tireloli. Na dubi Alhaji Tasi'u ko zan ga ya yi murmushin mugunta, na samu abin riƙewa. Ko kaɗan. Kansa na ƙasa yana jan carbi, kai ka ce shi ake kunyatawa.

Mai hankali a nan zai tsaya, ya ce alhamdu lillahi yaranmu lafiya lau, ya nemi wuri ya zauna. Ni kuwa na ga in na tsaya a kan Anas kowa zai gane dominsa na zo. Sai na ci gaba da bin layi, ina goge fuskokin 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, rana na dukana, gumi na bin bayana, babbar rigar nan ta jiƙe sharkaf. Na goge wajen goma sha biyar ban samu komai ba sai maiƙo. Na fara addu'a a raina, Allah ka sa a samu ko mutum ɗaya, ɗan ko waye. Ka ji addu'ar da na yi da bakina, kuma aka amsa mini.

Wani daga cikin iyaye ya ɗaga murya, "Malam, ga naka can a ƙarshe yana ta ja da baya. Kada rana ta faɗi ba a zo kansa ba."

Na hango Lurwanu ya raɓe a bayan wani dogon yaro. Na yi dariya irin ta mai gaskiya. "Lurwanu! Zo nan. Zo ka nuna musu gidan da ka fito." Ya taho yana jan ƙafa, kansa a ƙasa. Da ya iso ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Baba, don Allah." Na ɗauka kunyar mutane ce. Na zaro sabon hankici na tsoma, na kama haɓarsa na shafa sau ɗaya, daga kunne zuwa baki, na ɗaga sama ina kallon jama'a.

Ban ga hankicin ba tukuna, fuskokin mutane na fara gani. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi!" Na sauke hannu na duba. Hankicin nan ya koma ruwan ƙasa, kamar an tsoma shi a shayi mai madara. Na dubi ɗana. Inda na shafa ya yi hanya a kumatunsa, a cikin hanyar kuma ƙuraje ne jajaye da baƙaƙen tabo, cunkus. Sauran fuskar tana nan sumul. Irin hodar nan ce mai ruwa-ruwa da ake yi wa amare, an shafa ta da gwaninta, an bi har wuya.

Wuri ya yi tsit, har kukan kurciya nake ji a kan bishiya. Sai can daga bencin baya wani (har yau ina neman sa) ya ce da wata siririyar murya, "Ɗan haya!"

Wurin ya fashe. Maza na dariya har da riƙe ciki, mata sun toshe baki da mayafi kafaɗunsu na rawa, yaran da ke layi suna dukan juna. Dattijon nan mai jar hula, wanda ya ce na faɗi gaskiya, shi ne ya turo bokitin da ƙafa zuwa gabana ya ce, "Bismilla, Malam. Dokarka ce." Lurwanu na tsaye bai motsa ba, hawaye na gangarowa suna ƙara yin hanyoyi a cikin hodar.

Na sunkuya zan ɗebi ruwa, sai na ji muryar Alhaji Tasi'u. Ya taso daga kushin.

"A dakata. Har yanzu ni ne shugaba, kuma ban sa shawarar nan a ƙuri'a ba, saboda haka ba ta zama doka ba. Malam Bulus, a mayar da yara aji." Ya zo ya ware hannun babbar rigarsa ya lulluɓe kan Lurwanu da shi, ya juya ya fuskanci jama'a. "Wannan ɗana ne. Duk wanda ya sake yi masa dariya, da ni yake." Ya ja shi suka nufi ofis. Dariya ta mutu nan take.

Ka san abin da na ji a lokacin? Kai za ka ce godiya. Ina fa! Wani sabon ƙyashi ne ya taso mini, wanda ya fi duk na baya zafi. Domin suna tafiya na ga Lurwanu ya leƙo daga cikin rigar ya ɗaga kai ya dubi Alhaji Tasi'u, ya kuma riƙe masa hannu gam. Shekara goma sha shida ina ciyar da yaron nan, bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba. Na zo ƙwace wa mutum kujera, ga shi ya tafi da ɗana a cikin riga, ni an bar ni tsaye da bokiti.

Zaɓe ko minti biyar bai ɗauka ba. Aka ce Alhaji ya ci gaba, kowa ya ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga (to me zan yi? Kowa ni yake kallo). Wani ya ce a ba ni sakataren hankici, firinsifal ya yi kamar bai ji ba. Da aka tashi Alhaji ya same ni wajen babur, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan ajinmu, kada ka dake shi. Ka tambaye shi tukuna." Na ce to. Babur ɗin ma ya zaɓi ranar ya ƙi tashi, sai da direban Alhaji ya tura ni.

Na goya Lurwanu har gida. Ana kiran azahar muka shiga zaure. Na turo ƙofa, na cire hula, na shirya ruwan masifa, don ni a lissafina shi ya jawo mini komai.

"Don ubanka," na fara (na manta ni ne uban), "yaushe ka soma wannan iskancin?"

"Tun bayan babbar salla, Baba."

Na ƙirga da yatsu, wata takwas. "A ina kake shafawa? Gidan uban wa kake tsayawa a hanya?"

"A gida nake yi. A ɗakin Umma, in na dawo daga masallaci."

"Ƙarya kake! Da a gidan nan ne da na gani."

Ya shiga zane a ƙasa da yatsan ƙafa. Sannan ya ce, "Wallahi Baba a haka nake zuwa na gaishe ka kullum. A haka kake miƙo mini kuɗin tara."

Zuwaira, wadda ashe tana bayan labule, ta ce, "Tawa ce hodar. Na hana shi, na ɓoye, ya yi kwana biyu yana ƙaryar ciwon kai don kada ya je makaranta, na tausaya na bar shi. Laifina ne, na yarda. Amma sau nawa ina ɗauko maka maganar nan? Da na fara sai ka juya ta ta koma kan Alhaji Tasi'u."

Na ce to me ya kai shi, namiji da hoda? A nan ne ya tuna mini abin da ni na manta sam. Ranar babbar salla Alhaji Tasi'u ya zo mana barka da salla tare da Anas, lokacin ƙuraje sun fara feso wa Lurwanu. Wai da suka tafi na dube shi a gaban ƙannensa na ce, "Kai dai komai naka daban. Dubi fuskar ɗan mutane tas-tas, taka kamar bayan kwaɗo." Ƙannen suka ɗauka, daga gida sunan ya bi shi har makaranta. Shi ba gayu yake yi ba, ba kuma koyi yake da 'yan waya ba, so yake a daina kiran sa Kwaɗo. Sauran yaran masu kwalliya da suka ji za a yi taro duk sun zo da fuska wankakkiya ranar. Shi kaɗai ya kasa, ya gwammace a kama shi da a ga abin da ke ƙasa.

"Kuma da aka fito da mu na ɗauka a kan Anas za ka tsaya," in ji shi. "Ai shi kake nema."

Ashe har yaron ya sani. Ni da nake ganin na iya ɓoye abin da ke cikina.

Na zauna a kan wani buhun riɗi da ke zauren. Masifar da na shirya duk ta gudu ta bar ni. Na ce, "Ɗago kanka." Ya ɗago yana ƙanƙance ido, yana jiran mari. Ni kuwa kallonsa kawai na yi, ban san rabona da yin haka ba. Ashe gashin baki ya fara fito masa. Ashe akwai tabon ɗinki a girarsa ta hagu, wai faɗuwa ya yi a bakin rijiya shekara biyu da suka wuce, ina kasuwa aka kai shi asibiti aka dawo. Ashe idonsa irin na mahaifiyata ne sak, Allah ya jiƙanta. Kunyar da na ji a zauren nan, mu uku kacal, ta fi ta gaban jama'a.

Washegari na kai shi asibiti da kaina. Aka ba shi sabulu da magani, aka ce hodar ma ita ke ƙara toshe masa fata. Cikin wata uku ƙurajen suka lafa, tabon ne ya rage kaɗan. Hoda dai na hana, har gobe ban yarda ɗa namiji ya shafa ba, shi ma bai sake nema ba. Na tara ƙannensa na ce duk wanda na sake jin kwaɗo a bakinsa zai gamu da ni. Ƙaramar ta ce, "Ai kai ka fara, Baba." Na ce na sani, ba tambayarki na yi ba. Ba shi haƙuri ne ya fi yi mini wuya. Kwana uku ina zagaye-zagaye kafin na iya cewa, "Lurwanu, ka yafe mini." Ya ce ba komai, amma ya fi wata guda bai yarda mun haɗa ido ba.

Labari kuwa ya riga ni isa Maigatari. Alhamis ta gaba ina sauka daga mota wani dillali mutumin Damagaram ya ɗago mini hannu daga nesa, "Barka da zuwa, ɗan haya! Ya ka baro masu gidan?" Na amsa, don in ka yi fushi ma ƙara yi za su yi.

Ba zan yi maka ƙarya na ce na warke ba. Makon jiya na ji an ce Alhaji Tasi'u zai gina wa makarantar sabon aji, na ji ƙyashin nan ya taso mini kamar da, sai da na yi a'uziyya sau uku. Abin da na koya ɗan kaɗan ne: ido biyu kacal gare ni, kuma na yi shekaru duka biyun suna gidan wani. Yanzu duk safiya in Lurwanu ya durƙusa gaisuwa sai na ce ya ɗago, na ƙare masa kallo tsaf kafin na amsa. Har ya fara gajiya da ni. Shekaranjiya ya ce, "Baba, wai me kake nema ne? Wallahi ban shafa komai ba."

Na ce, "Na sani. Tsaya dai, ban gama ba."